Ranar Cire Hula

Hular ta ƙi fita. Malam Zailani ya kama bakinta da yatsu ya ɗaga a hankali, sai ya ji ta manne da fatar kansa tun daga goshi, kamar yadda ƙanzo yake kama gindin tukunya. Tun sallar Asuba take kansa, kuma zufar bazara ta yi aikinta. Ya ɗebi ruwan ɗumi a buta ya jiƙa gefen, ya cije leɓe ya ja. Ta fita, amma ba ita kaɗai ba. Da ya leƙa cikinta sai ga gajerun gashi sun bi zaren ɗinkin, ga ɓawon miki, ga wani ruwa mai launin ɗorawa da ya bushe a jikin ƙyallen.

"Malam, shayin zai huce," in ji matarsa Luba daga bayan ƙofar banɗaki.

"Ina zuwa."

Ya tsaya gaban madubi. Gaban kan ya yi ja ya kumbura, ƙuraje sun jeru layi-layi inda aka dasa gashin, wasu sun yi baki suna ruwa. Ya ɗaga waya ya ɗauki hoton ƙeyarsa, inda aka ciro gashin, ya duba. Nan ma ɗige-ɗige ne kamar kaji sun yi tsattsaga. Ya goge hoton da sauri, kai ka ce wani na leƙensa.

Sanƙo dai ba ciwo ba ne, kowa ya san haka in ban da mai shi. Na Malam Zailani ya zo masa da wuri, tun yana saurayi yana koyon koyarwa a wata makaranta a Tudun Wada. Wata rana iska ta ɗauke masa hula a gaban ɗalibai, kafin a tashi sun raɗa masa Malam Faranti. Sunan ya bi shi har Kiru da aka yi masa canji. Tun daga nan ya ɗaure aure da hula. Ko alwala yake yi, ɗan ɗaga ta kawai yake yi ya zura jiƙaƙƙen hannu ya shafa ya mayar. Aski kuwa a gida yake yi, ƙofa a rufe. Yanzu ga shi mataimakin shugaban makarantar sakandare a Tiga, mutum mai kwarjini, wanda in ya yi gyaran murya a baranda aji uku ke yin tsit, amma in ka cire Luba babu wanda zai rantse ya ga tsakiyar kansa.

Bana Allah ya nufa ya samu kujerar Makka, shi da mahaifiyarsa. Murna ya yi ta yi har ranar da aka fara bita, malami ya ce mai harami ba ya rufe kansa. Wannan hukunci tun yana Islamiyya ya san shi, amma sanin abu a littafi daban, saninsa a kanka daban. Ga shi zamani ya zo da alhaji bai gama ɗawafi ba hotonsa ya riga ya zaga wayoyin garinsu. Ya kwana yana hango kansa yana sheƙi cikin hasken ranar Makka, malaman makarantarsu suna miƙa wa juna waya.

Da farko ya yi abin hankali. Ya je wani asibiti a cikin Kano ya ga likitar fata, Dokta Khairiyya. Ta sa shi ya cire hula, ta duba ƙeyarsa da ɗan gilashi, ta tambaye shi hawan jini da ciwon suga, sannan ta gaya masa abin da bai zo ji ba.

"Gashin da za a dasa daga ƙeyarka za a ciro shi, kuma naka ba shi da yawa. Gaba zai rufu, tsakiya sai haƙuri. Wanda aka dasa ɗin ma zubewa zai fara yi, sai bayan wata uku ko huɗu ya soma tsirowa. Kyansa kuwa sai shekara ta zagayo. Kuma makonnin farko babu hula."

"Babu hula?"

"Babu. Malam, ka je ka sauke faralinka ka dawo. Kan ba guduwa zai yi ba."

Ya yi mata godiya ya fito, yana cewa a ransa likitocin nan sun fiye jan rai. A ranar da yamma ya nemi wani da ya daɗe yana ganin bidiyonsa a waya, Dokta Mas'ud, a saman wani bene da ake sayar da wayoyi a ƙasansa. Farar riga fes, bango cike da hotunan fararen mutane, wannan da sanƙo, wannan da suma har gira. Tun daga bakin ƙofa Mas'ud ya kira shi Alhaji.

"Alhaji, mako shida. Kafin jirginku ya tashi sai ka nemi mataji."

Bai tambaye shi ciwon komai ba. Shi ma Malam Zailani, wanda ba ya barin ɗalibi ya shiga jarrabawa ba shaida, bai tambayi inda mutumin ya yi karatu ba. Abu ɗaya ya tambaya, hula. Mas'ud ya ce ya ɗan huta mata kwana biyu. Aka yi aikin. Rana ta uku kuwa Juma'a ce, kuma mataimakin shugaban makaranta ba ya shiga masallacin Juma'a kai tsirara kamar ɗan tasha. Ya ɗauko hular zanna mai sitaci ya danna a kan ɗanyen aiki. Daga ranar bai sake fita ba ita ba.

Ya fito daga banɗakin ya zauna a kan tabarma. Luba ta ajiye masa shayi, ta dubi kan, ta kawar da ido. Ita ke wanke hulunan, don haka babu abin da za a ɓoye mata.

"Ya ƙara ruwa," ta ce.

"Haka yake yi kafin ya warke."

"Wa ya ce? Malam, ko albasa aka dasa ba a kifa mata ƙwarya. Ka koma wurin likitar nan ta farko."

"Da wane ido zan kalle ta?"

"Da wanda za ka kalli mutanen Bebeji yau."

Maganar ta sauka inda ake so. Yau ce ranar bita a aikace. Duk maniyyatan ƙaramar hukumar za su hallara a filin wata firamare a Bebeji, maza su ɗaura harami, a gwada ɗawafi da sauran ayyuka kamar a can. Ya ɗauki waya ya kira Mas'ud. Sai a kira na uku aka ɗaga, ƙarar janareta da kiɗa na tashi a bayansa.

"Alhaji! Yaya suma?"

"Suma tana cikin hula, Dokta. Duk ta zube, kan kuma yana ruwa."

"Ai haka yake yi. Tsaya, hula ka ce? Kana sa hula?"

"Kai ka ce kwana biyu."

"To ka gani, Alhaji, kai ka ɓata aikin da hannunka. Ina tiyata yanzu, zan kira ka."

Wayar ta mutu. Malam Zailani ya bi ta da kallo, kunya ta rufe shi har wuya, don ya san rabin maganar ɗan damfarar gaskiya ce. Garin gyaran gira ya tsone ido, kuma da kuɗinsa da ƙafarsa.

Ya so ya kwanta ya ce zazzaɓi. Abin da ya hana shi Inna ce. Yanar ido ta cinye mata gani, sai inuwa-inuwa take hange, kuma tun da aka fara bita take tambayar ranar da za a gwada ɗawafi, don tana tsoron ta je ɗakin Allah ta yi kuskure. Babu mai riƙe ta sai shi. Ya zaɓi hula mafi taushi, ya ɗora a hankali, ya jefa kayan harami a bayan mota.

Ya same ta a zauren gidansu da ke ƙauye kusa da Bagauda, zaune a kan buzu cikin farin hijabi, jakarta a cinya. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa tana fuskantar bango, kamar kullum. Shi ne ɗanta na fari, kuma Inna mutuniyar da ce, jinin Fulani. Tun da ya yi wayo bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da shi a gaban mutane ba. Kakarsa ce ta goye shi. In za ta ambace shi sai ta ce malamin makaranta.

"Malamin makaranta ya makara," ta ce wa bangon.

"A yi haƙuri, Inna."

A mota ta yi ta maimaita Labbaika a hankali, tana tsayawa inda ta manta, yana ƙarasa mata. Suka wuce gonakin rani, masu ban ruwa sun duƙa a cikin tumatir. Zufa ta fara gangarowa daga ƙarƙashin hular tana shiga ƙurajen, zafin kamar an barbaɗa barkono.

Filin ya cika. An kafa akwatin katako a tsakiya an lulluɓe shi da baƙin yadi, an ɗaura lasifika a jikin bishiya. Mata sun jeru a inuwar baranda cikin fararen hijabai. Maza kuwa tuni sun tuɓe, kowa da fararen tawul biyu, dattawan da aka saba gani cikin babbar riga yau ga tumbinsu a waje, suna ta yi wa juna dariya. Ya zaunar da Inna cikin mata, yana juyowa sai ga Badamasi.

Badamasi ɗan kawunsa ne, dillalin kifi a bakin dam ɗin Tiga, kuma taubashinsa, wato mutum ɗaya a duniya da al'ada ta ba shi izinin faɗa masa duk abin da ya ga dama. Tun suna yara bai taɓa ganinsa ya bar shi ya wuce lafiya ba.

"A'a, Mataimaki!" ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Yau dai ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. Shekara da shekaru ina son ganin abin da kake kiwo a ƙarƙashin hular nan. Jama'a ku matso, za a buɗe tukunya!"

Aka yi dariya, shi ma ya yi ta dole. Ya shiga wani aji ya tuɓe, ya ɗaura zane, ya yafa ɗayan a kafaɗa. Hular ya bar ta inda take. Ya fito ya laɓe a layin baya, yana fatan a yi a gama ba wanda ya lura, kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba.

Malamin bita ya hau kan tebur da makirfo a hannu. "Maza, a duba ɗaurin zane. Wasunku in aka shiga turmutsutsu zanen zai bar su a hanya." Ya bi layi da ido. "Yawwa, Malam Zailani, naka ya yi daidai. Taimaka ka zo gaba mutane su gani."

Ƙafafunsa suka kai shi, shi dai bai san yadda aka yi ba. Ya tsaya kusa da tebur, fuskarsa ga jama'a, maza a gaba, mata a baranda. Malamin ya nuna yadda aka naɗe zanen a ƙugu, ya yaba, sannan ya yi murmushi.

"Sai dai abu ɗaya. Mai harami ba hula, ba rawani, ba lulluɓa mayafi a ka. Malam, a sauke mana ita."

"A sauke! A sauke!" in ji Badamasi daga cikin taro, ana ta ƙyalƙyala dariya.

Ya yi tunanin ya ce yana da lalura. Gaskiya ne kuwa, amma za a tambaye shi wace iri, a makirfo. Ya ɗaga hannu ya kama hular. Ta manne. Babu buta, babu ruwan ɗumi, ga idanu sun fi ɗari. Ya runtse ido ya fizge ta. Ya ji fatar ta ɗaye, sannan wani abu mai ɗumi ya gangaro ta gefen girarsa ya ɗiga a kan farin tawul.

Dariyar ta mutu, daga layin gaba zuwa na baya. Wani dattijo ya ce, "Subhanallahi." Daga baranda wata mata ta tambaya ko ƙuna ce. Sai wani matashin maniyyaci ya amsa mata, da murya ƙasa-ƙasa amma ba ƙasa sosai ba, "Dashen gashi ne. Ina gani a waya." Malam Zailani yana tsaye yana jin kalmar tana tafiya baki zuwa baki har ƙarshen fili. Da ƙuna ce da an tausaya masa an wuce. Wannan kuwa kowa ya gane da kansa ya kai kansa, mutum mai furfura a gemu, mai 'ya'ya a jami'a. Ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Malamin bita mutumin kirki ne. Ya yi gyaran murya ya ce, "To, madalla, an ga ɗaurin zane. A tashi a yi sahu, za mu fara ɗawafi daga wancan kusurwar." Jama'a suka motsa da sauri, kowa na murnar samun wani wurin da zai kalla.

Harami ba shi da aljihu, don haka hular ta zauna a hannunsa na hagu, a dunƙule. Ya je baranda ya ɗauko Inna, ta kama damtsensa. Suka shiga cikin masu zagaye. Rana ta daki kan da bai san rana ba tun yana saurayi, ƙudaje suka gano shi suka bi shi zagaye bayan zagaye, ba shi da hannun kora. Mutane suna buɗa masa hanya fiye da yadda ake bukata. Inna kuwa tana ta addu'o'inta, tana tambaya, "Na nawa ke nan?" yana gaya mata.

A zagaye na biyar Badamasi ya zo daidai kafaɗarsa. Malam Zailani ya shirya, har ma ya ƙagu. Da zai ce masa faranti ya tsage, ko ya tambaye shi wane manomi ne ya yi masa wannan shuka, da an yi dariya, da shi ma ya rama, da abin ya zama labarin da za a riƙa bayarwa. Amma Badamasi bai ko dubi kan ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Sannu, ɗan'uwa. Allah ya sawwaƙe." Ya wuce. Tun da aka haife su bai taɓa ce masa sannu ba, kuma duk abin da ya faru a ranar babu wanda ya yi masa ciwo kamar wannan.

Da aka gama aka ba da hutu kafin a gwada Safa da Marwa. Ya kai Inna gindin wata darbejiya ya shimfiɗa mata darduma, ya buɗe mata ruwa. Ta sha, ta rufe, ta ajiye. Ga mutane zazzaune a inuwar ko'ina kewaye da su.

"Na ji taro ya yi shiru ɗazu," ta ce. "Na ji kuma ana ambaton malamin makaranta."

"Ba komai, Inna."

"Idona ne ya tafi, kunnena yana nan."

Sai ya gaya mata, a gajarce, yana kallon ƙasa. Sanƙo, da harami, da mutumin saman bene, da hula. Bai rage wa kansa komai ba. Ta saurara har ya gama, fuskarta na kallon wani wuri can gefe.

"Sunkuyo," ta ce.

"Inna, akwai mutane."

"Na san da su."

Ya durƙusa a gabanta ya sunkuyar da kai. Ta laluba ta samu kunnensa, ta hau da yatsu a hankali, tana kauce wa inda ke ruwa, ta bi gefen goshi, ta zagaya ƙeya, ta zo tsakiya inda ba a taɓa ba, inda fatar take sumul. A nan ta ajiye tafin hannunta. Hirar da ake yi a inuwar ta tsaya. Bai tuna ranar da hannunta ya taɓa sauka a jikinsa haka ba, sai ya ji idonsa ya cika.

"Ran sunanka," ta ce, "da wanzami ya gama aski, kowa ya ɗauke ka ban da ni. Kunya ta hana. Sai da gida ya watse na jawo ka na shafa kan nan. Tas yake, ko gashi ɗaya babu." Ta sake shafa wurin. "Ni ban ga abin da ya rage masa ba, Zailani."

Ya kasa ɗagowa. Hawaye suka ɗiga a kan darduma, ya bar su.

Ta janye hannunta ta buɗe tafin. "Ba ni hular."

Ya miƙa mata. Ta ninke ta biyu ta tura cikin jaka ta ja zif.

"Jibi ka tafi asibiti, na gaskiya."

"To, Inna. Sai dai hular, in zan shiga gari..."

"Tana wurina. Ran da likita ta ce a ba ka, ka zo ka karɓa."

Lasifika ta yi kira a koma fili. Wurin da aka ware a matsayin Safa yana can ƙarshen makarantar, sai an ratsa ta tsakiyar jama'a kaf. Ya miƙe ya tashe ta, ta kama damtsensa. Ya ɗaga ƙafa da niyyar su wuce da sauri, sai ta riƙe shi.

"A hankali, malamin makaranta. Gwiwata."

Suka tafi a hankali. Dattijon farko da suka iske ya ɗago ya dube shi, Malam Zailani ya tsaya ya gaishe shi, sannan suka matsa zuwa na gaba.